Zarto mai batir: sirrin aikin yana cikin mintuna biyar ɗin da bidiyo ke yankewa

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya san irin bidiyon nan. Matashi ya ɗauko zarto mai batir, ya danna makunni, faifai ya ratsa katako kamar wuƙa a cikin sabulu, kafin daƙiƙa 30 an haɗa tebur ko kantar ajiye takalma. Babu igiyar lantarki mai harɗe ƙafa, babu jiran wutar NEPA, babu ƙarar janareta. Ga matashin da ke zaune a unguwar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, na'ura ce mai ɗaukar hankali ƙwarai. Ana cajinta kamar waya, ana jefa ta a jaka, ana iya hawa rufin gida da ita ko a tafi da ita ƙauye.

Sai dai akwai abin da mai bidiyon ya yanke don kada masu kallo su gaji su wuce. Kafin waccan daƙiƙa 30, ya ɗauki wajen mintuna biyar yana aune-aune, yana ɗaure katako, yana daidaita zurfin faifai, yana duba inda ɓangaren da aka yanke zai faɗi. Waɗannan mintuna biyar su ne aikin. Su ne ke sa yanka ya miƙe, kuma su ne dai ke sa mutum ya tashi daga aiki da yatsunsa goma. Mutane da yawa na ɗaukar kariya da ƙwarewa a matsayin abubuwa biyu, ɗaya na matsorata ɗaya na gwanaye. A wajen zarto mai faifai abu ɗaya ne, domin kusan duk kuskuren da ke karkatar da yanka shi ne ke jawo rauni.

Abin da ke hannun mai aiki

Zarto mai faifai na riƙewa a hannu ya kai shekara ɗari a duniya. Wani mai suna Edmond Michel ne ya ƙera shi a birnin New Orleans na Amurka a farkon shekarun 1920, kuma daga nan kamfanin Skil ya samo asali. Abin da ke sabo shi ne batirin. Tun daga shekarar 2005, lokacin da kamfanoni irin su Makita da Milwaukee suka fara fito da kayan aiki masu batirin litiyam, zarto mai batir ya riƙa ƙara ƙarfi har ya kamo na lantarki.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Yawancin waɗannan na'urori na ɗauke da faifai mai faɗin milimita 165 ko 185, kuma yana juyawa kusan sau 5,000 a minti ɗaya. Wato sau 83 ke nan a kowace daƙiƙa. Idan faifan na da haƙora 24, haƙora kusan 2,000 ne ke wucewa ta wuri ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Bakin faifai mai milimita 165 yana gudun kusan kilomita 155 a awa, gudun da doka ba ta yarda wata mota ta yi a manyan titunan Najeriya ba. Ɗan Adam kuwa yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya janye hannu daga abin da ya gani. A wannan ɗan lokacin haƙora 500 sun riga sun wuce. Saboda haka duk wanda ke cewa "in na ga zai taɓa ni zan janye hannu" bai yi lissafi ba.

Batirin ma ba irin na waya ba ne. Wayar da aka rubuta wa 5,000mAh tana riƙe da ƙarfin da bai wuce 19Wh ba. Batirin zarto mai 18V da 5Ah yana riƙe da 90Wh, kusan ninki biyar, kuma an ƙera shi ne don ya saki wannan ƙarfi da gaggawa.

Rashin igiya ya zo da nasa haɗarin

Zarto na lantarki yana da alamar da ido ke gani: in an zare filogi daga bango, kowa ya san ya mutu. Mai batir kuwa a raye yake a kowane lokaci, ko da wuta ko babu, ko a shago ko a ƙarƙashin gado. Gaskiya ne masu ƙera shi sun sa wani ɗan maɓalli da sai an danna shi kafin makunni ya yi aiki, amma hannun da ya damƙi mariƙi da ƙarfi yana iya danna duka biyun ba tare da niyya ba, kuma yaro mai son wasa zai gano dabarar cikin minti ɗaya.

Don haka doka ta farko ga mai wannan na'ura ita ce cire batir. A cire kafin a canza faifai, kafin a gyara zurfi ko kwana, kafin a zaro guntun katakon da ya maƙale a murfi, kafin a miƙa wa wani, kafin a sa a jaka. A gidan da ke da yara, a ajiye zarto wuri daban, batir wuri daban. Cire batir bai kai daƙiƙa biyu ba, kuma shi ne ke raba gyaran faifai da yanke jijiya.

Harbi: yadda zarto ke juyo wa mai shi

Babban haɗarin wannan na'ura shi ne abin da za a iya kira harbi, irin na jaki. Haƙoran gaba na faifai suna tasowa daga ƙasa zuwa sama, na baya kuma suna gangarawa cikin gurbin da aka yanka. Idan katako ya matse faifan, ko mai aiki ya murɗa zarto yana son komawa kan layin da ya sauka, sai haƙoran baya su cafki katako. Ƙarfin da ke juya faifai sai ya koma ɗaga na'urar gaba ɗaya, ta yi tsalle ta dawo baya, wajen cinya ko hannun da ke riƙe da katako.

Harbi ba ya zuwa haka kawai. Dalilansa sanannu ne, kuma duk a shirin farko ake magance su.

Na farko shi ne yadda aka ɗora katako. Wanda ya ɗora falanki a kan benci biyu ya yanka a tsakiya, ya haɗa wa kansa tarko: yayin da yanka ke nisa, ɓangarorin biyu za su lotsa ciki su matse faifai. Daidai shi ne a ɗaure ɓangaren da ake so a kan benci, a bar guntun da za a cire yana lilo a waje, yadda zai faɗi da kansa gurbin ya buɗe. Babban allon filawud, mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, yana buƙatar tallafi a ɓangarori biyu na layin, kusa da layin da kuma bakin allon. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa wasu tsofaffin katakai huɗu a ƙasa, a kwantar da allon a kansu, a bar faifai ya ɗan taɓa su.

Na biyu shi ne zurfi. Wasu na sakin faifai gaba ɗaya, su yanka allo mai kaurin milimita 18 da zurfin da ya haura milimita 50. Littattafan da ke zuwa da na'urorin sun yi bayani ƙarara: abin da zai leƙo a ƙarƙashin katako kada ya kai tsawon haƙori ɗaya. Faifan da ya nutse da yawa yana da faɗin wurin da katako zai matse, sannan ga tsirara mai yawa a ƙasa, inda ido ba ya gani amma hannu ke iya kaiwa.

Na uku shi ne faifai mai dakushi ko wanda ƙaro ya manne wa. Ba ya yanka sai an tura shi da ƙarfi, turawar ce kuma ke karkatar da shi. Alamominsa su ne ƙonewar bakin katako, hayaƙi, da batir mai saurin ƙarewa. Ɗanyen katako ma yakan rufe gurbi a bayan faifai, don haka dogon yanka na son a cusa ɗan tsinken katako a gurbin don ya zauna a buɗe. Tsohon katakon da aka ciro daga rufi kuwa, sai an bi shi an zare ƙusoshi.

Sauran ya rage ga jiki. Hannu biyu a kan na'ura, ɗaya a mariƙin baya ɗaya a na gaba. A tsaya a gefen layin faifai, kada cinya ta kasance a bayansa. A bar faifai ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa katako. In ya maƙale, a saki makunni a riƙe shi a wurin har ya tsaya cik, kada a ja shi baya yana juyawa. Kada a taɓa riƙe katako da hannu ɗaya, ko a ɗora shi a kan gwiwa, ko a take shi da ƙafa mai silifas.

Shiri ɗaya, riba biyu

Wanda ya sake duba jerin nan zai ga cewa shi ne dai jerin abubuwan da ke sa yanka ya miƙe. Katakon da aka ɗaure da ƙarfen matsewa ba ya motsi, don haka layi ba ya gudu. Guntun da ya faɗi da kansa ba ya tsage bakin katako a ƙarshen yanka. Faifai mai kaifi yana bin hanya ba tare da an tilasta shi ba.

Akwai wasu ƙananan dabaru da ke kammala aikin. Faifai na cin katako, yawanci milimita 1.5 zuwa 2.5 gwargwadon kaurinsa. Wanda ya bi tsakiyar layin fensir zai tarar da katakonsa ya gaza awo, kuma a kanta mai hawa huɗu wannan gazawar za ta fito fili. Faifai a gefen da za a zubar yake bi, layin fensir ya tsira a jikin ɓangaren da ake so.

Ido kaɗai ba ya miƙar da dogon yanka. Don gajeren yanka a kan falanki, a dafa sukwaya a jikin katako, tafin zarto, wato farantin ƙarfen da yake zama a kai, ya bi gefenta. Don dogon yanka, a ɗaure miƙaƙƙen katako ya zama jagora. Sai an auna tazarar da ke tsakanin faifai da gefen tafin, a matsar da jagoran daidai wannan tazara daga layi. Mai son hutawa da wannan lissafi yana iya haɗa jagora na dindindin: ya manna siririn katako miƙaƙƙe a kan wani yankin filawud mai faɗi, ya bi da zarto sau ɗaya ya datse abin da ya yi saura. Daga ranar, bakin wannan allo shi ne daidai inda faifai zai bi. Kuɗinsa bai wuce ragowar katako ba, kuma yana rufe ƙofar murɗa zarto a tsakiyar yanka, wato babbar ƙofar harbi.

Tunda haƙora daga ƙasa suke tasowa, fuskar sama ce ke tsagewa. Saboda haka kyakkyawar fuskar filawud ƙasa take kallo lokacin yanka. Faifai mai haƙora 24 na aikin rufi ne da yanka mai sauri, mai 40 zuwa 60 kuma na filawud da kayan ɗaki. Lambar sifili da ke jikin ma'aunin kwana ba a cika yarda da ita ba: a cire batir, a kifa zarto, a dafa sukwaya tsakanin tafi da faifai a tabbatar. Manhajojin auna kwana na waya suna da amfaninsu, amma a nan sukwayar ƙarfe ta fi su gaskiya.

Abin da tsofaffin hannu ke cewa

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba jahilai ba ne. Wani ogan kafintoci zai ce ya shekara ashirin yana yanka ba tare da ƙarfen matsewa ba, murfin faifai ma ya ɗaure shi da waya tun ranar da ya sayi injin, don yana maƙalewa in za a yi yankan kwana ko a datse siririn guntu. Zai ƙara da cewa mai aikin kwangila ba shi da mintuna biyar na kowane yanka.

A cikin maganarsa akwai gaskiya. Murfin yakan maƙale a wasu yankan, shi ya sa aka yi masa ɗan hannu da ake ɗaga shi da babban yatsa a farkon yanka, a sake shi da zarar faifai ya shiga katako. Wannan ya sha bamban da ɗaure shi. Faifan da ba shi da birki yana ci gaba da juyawa bayan an saki makunni, kuma idan aka ajiye shi a ƙasa tsirara, zai yi tafiya da baya yana yankan duk abin da ya tarar, har da ƙafar mai shi. Shekara ashirin ba tare da rauni ba tana nuna gwaninta da kuma sa'a, amma matashin da ya sayi zarto jiya bai gaji ko ɗaya daga ciki ba. Game da lokaci kuwa, sauri kan haifi nawa: allon filawud ɗaya da aka lalata ya fi kuɗin ƙarfen matsewa biyu, balle jinyar hannu.

Wasu kuma sun dogara da fasaha. Sababbin na'urori na da birkin lantarki da ke tsayar da faifai cikin 'yan daƙiƙu, wasu masu tsada irin na Festool har suna da na'urar da ke kashe inji in ta ji harbi. Duk suna da kyau, kuma birki abu ne da ya kamata mai saye ya nema. Amma fasahar nan ta SawStop, wadda ke gane fatar mutum ta tsayar da faifai nan take, a kan zarto mai tebur take. Zarto na hannu da ke kasuwa bai san bambancin katako da yatsa ba.

A wajen saye

Matasa sun saba kwatanta waya da lambobi, kuma 'yan kasuwa sun san haka. Batirin da aka rubuta wa 18V da wanda aka rubuta wa 20V MAX abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar a jere, kowace 3.6V a lokacin aiki, ɗaya kamfanin ya rubuta ƙarfin aiki ɗayan ya rubuta na lokacin da aka cire daga caji. Na'urori masu arha da ake tallatawa a intanet da lambobi irin 88V ko 128V a kan ɗan ƙaramin batir, lambar ado ce kawai. Abin dubawa shi ne Ah, ingancin tafin, da murfin da ke komawa da kansa da sauri in an sake shi. Mai sayen na hannu ya gwada wannan murfi kafin ya tambayi farashi. Kuma gara a rage kuɗin inji a sayi faifai mai kyau, ƙarfen matsewa biyu da sukwaya.

Akwai wata gajeriyar hanya da ya wajaba a guje mata: ɗaura faifan katako a kan injin gogar ƙarfe na masu walda. Ƙaramin injin nan yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, ba shi da tafin da zai zauna a kan katako, ba shi da murfi mai rufe kansa. In ya yi harbi, babu abin da ke tsakaninsa da jiki.

Batirin ma yana son kula. Zafi ne babban makiyin litiyam, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Kada a bar batir a rana ko cikin mota a rufe, kada a sa shi caji yana da zafi daga aiki, kada a jefa shi cikin jakar ƙusoshi inda ƙarfe zai haɗa bakunansa. Wanda ya kumbura ko ya tsage ya gama aiki.

Ido, kunne, huhu da tufafi

Tabarau na kariya shi ne mafi arha a cikin kayan, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Ƙarar zarto tana kaiwa desibel 100, kuma hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ƙayyade minti 15 kacal a rana ga kunnen da ba a toshe ba a irin wannan ƙara. Abin sauraron kiɗa na waya ba ya maye gurbin abin toshe kunne, yana ma hana mutum jin sauyin kukan inji, wanda shi ne gargaɗin farko cewa faifai ya fara matsuwa. Ƙurar katako kuwa, tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo cutar, kuma an san ƙurar obece da iroko da tayar da asma. Takunkumi mai tace ƙura da aiki a fili suna rage wannan.

Tufafi ma abin lura ne. Hannun kaftani mai faɗi, babbar riga, bakin hijabi ko gyale, carbi a wuyan hannu, duk abin da ke lilo faifai na iya cafka. A naɗe, a ɗaure, ko a canza kaya. Mai son ɗaukar bidiyon aikinsa ya kafa waya a kan wani abu kafin ya sa batir. Hannun da ke riƙe da waya hannu ne da ya bar mariƙi.

Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti nan take. Kada a zuba baƙin mai, toka ko ƙasa. In yatsa ya guntule, a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi da shi babban asibiti mai likitocin tiyata, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, domin kowace awa tana da muhimmanci.

Zarto mai batir alheri ne ga matashin da ke son sana'a a wurin da wuta ba ta da tabbas, kuma babu laifi a koyo daga waya. Amma a nemi dogon bidiyon da ke nuna shiri, a sauke littafin na'urar daga shafin kamfanin a karanta shafukan farko, a kuma zauna kusa da kafintan da murfin zartonsa ke aiki. Kafin a taɓa katako mai tsada, a yi yanka goma a kan ragowar falanki, kowane da awo, da ɗauri, da duba zurfi, batir kuma shi ne abu na ƙarshe da za a sa.